Tankin da Aka Ƙi Ɗagawa

Akwai wani maigida a wani gari inda ruwan famfo yake da halin kansa. Yau ya zo da ƙarfi har ya fisge tiyo daga hannu, gobe ya zo yana ɗiga sai ka ce roƙonsa ake yi. Mutanen garin sun saba, kowa da bokitinsa.

Mutumin nan kuwa yana zaune da tsohuwar da ta haife shi. Ciwo ya kama kafaɗunta har ba ta iya ɗaga moɗa ta zuba ruwa a jikinta, sai matarsa ce take shiga banɗaki ta yi mata wanka. Matar ba ta taɓa gunaguni ba. Amma kunya ta ishi tsohuwa, gama a ganinta bai kamata surukarta ta ga tsiraicinta ba. Sai ta fara gudun wanka, yau ta ce sanyi, gobe ta ce gajiya. Da ta guji wanka kuma ta guji mutane, har ta daina zuwa sujada. Abin ya yi wa ɗanta zafi ƙwarai.

Ya ƙudura zai sa mata shawa, ta murɗa da kanta, ruwa ya sauko mata daga sama. Ya sayi tanki ya ɗora a kan 'yan bulo a tsakar gida, domin ranar da famfo ya yi rowa. Sa'an nan ya tafi kasuwa zaɓen kan shawa. Ya ga wani mai faɗi kamar faifai, mai shago ya jona masa, ruwa ya zubo yadda ake so. A gida kuwa, ran da famfo ya zo da ƙarfi ya yi aiki, ran da aka koma ga tanki ya yi 'yan ɗigo ya yi shiru. Ya mayar, ya karɓo ƙarami mai ƙananan ramuka. Shi ma haka. Ya sake komawa ya ɗauko mai tiyo, wanda ake riƙewa a hannu, ya manta cewa hannun ne ba ya ɗaguwa.

Amma wannan na hannu shi ya koya masa abu. Yana gwada shi, ya sunkuyar ƙasa, ruwa ya zo. Ya ɗaga sama, ruwa ya ɗauke. Mamaki ya kama shi. Ya yi ta ɗagawa yana saukewa, har matarsa ta leƙo ta tambaye shi ko lafiya. Ya sa yatsa a bango daidai inda ruwan yake yankewa, ya fita ya dubi tanki, ya ga tsayinsu ɗaya. Ashe duk kawunan nan ba su da laifi, tankin ne yake ƙasa.

To, me ya sa tun farko bai ɗaga shi ba? A nan maganar take. Wurin da tanki zai hau yana jikin katangar maƙwabcinsa, kuma a unguwarsu ba a hawa sama sai an sanar da maƙwabta, domin matan gida su kimtsa kada a leƙa su. Shi da maƙwabcin kuwa ba sa ko gaisuwa tun wata damina da suka yi cacar baki a kan kwata. Saboda haka mutuminku ya koma kasuwa neman injin tura ruwa. Aka ce masa injin sai da wutar lantarki, wutar garin kuwa ita da ruwan uwarsu ɗaya.

Ya dawo ya tarar tsohuwa ta ɗaure kayanta a zane. Ta ce masa, "Ka wahala, ɗana. Ka mai da ni ƙauye wurin ƙanwata. Ita ba na jin kunyarta."

Ya juya ya fita, ya tsaya a ƙofar da ya daɗe yana wucewa da kai a karkace, ya yi sallama. Da maƙwabcin ya fito, ya fara ba shi haƙuri a kan kwata, sa'an nan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Maƙwabcin ya ce, "Ashe don Inna ne? Ni ina ganinka kullum da kawunan shawa, na ɗauka shago za ka buɗe. Ku hau, iyalina za su zauna a ɗaki."

Shi ya ba da aron tsani ma. Aka ɗaga tanki. Tsohuwa ta shiga banɗaki, ta ce wa surukarta ta je ta yi aikinta, ta sa sakata da hannunta. Jim kaɗan suka ji tana waƙa a cikin ruwa.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Ruwan famfo kwanakinmu ne, wata rana ƙarfi, wata rana ɗigo. Tanki kuwa zuciya ce, inda alherin Allah yake taruwa domin ranar fari. Idan addu'armu ta koma ɗigo, mu gwanayen sauya kan shawa ne: mu sauya majami'a, mu sauya mai wa'azi, mu ce waƙoƙin ne suka tsufa. Ni kam na gaji da ganin wannan zirga-zirga. Zuciyar ce take ƙasa, kuma sau da yawa mun san abin da ya hana ta hawa. Akwai wata ƙofa da muka ƙi yi wa sallama.

Kada kuwa ka ce gabar taka ce kai kaɗai, ba ta shafi kowa ba. Mutumin nan ya yi ta wankansa da bokiti lafiya lau, tsohuwarsa ce ta sha wuya. Idan ka koma gida yau, ka duba da kyau. Wataƙila akwai wanda ya riga ya ɗaure kayansa, kai kana can kasuwa.