Reshen da Ke Goga Kwano

Akwai wata mata da 'yan unguwarsu ke kira Mai Dashe. Kafin wannan suna ya bi ta, matar makanike ce kawai, mai ɗaki biyu da 'yar tsakar gida, da bishiyar lemo guda ɗaya da ta yi tsawo har ta haye rufin kwano.

A makon aurensu mijin ya sayo bishiyar a bakin titi, tana 'yar tsiro cikin baƙar leda. Mai sayarwa ya rantse masa cewa lemon zaƙi ne mai aure. Suka dasa ta tare. Shekara biyar suna ba ta ruwa, ko ranar da famfo ya ɗauke sai sun rage mata na wanke-wanke.

Ranar da ta yi 'ya'yan fari, ya ɓare ɗaya, ya miƙa mata rabi yana murmushi. Suka kai baki a tare. Tsami ya kama musu muƙamuƙi har idanunsu suka kawo ruwa.

Ita dariya ta kwashe da ita. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

"Mutumin nan ba kuɗina ya ci ba," in ji shi. "Shekara biyar ya sace mini."

Daga ranar ya shiga koyon auren itace. In ya dawo daga gareji, sai ya zauna a gindin bishiyar da 'yar wuƙarsa mai ƙotar katako. Ya yanko ido, wato ɗan kumburin da toho ke fitowa, daga reshen lemon zaƙi, ya tsaga ɓawon ɗan tsiron tsami, ya cusa idon a ciki, ya naɗe da zaren leda.

"Zo ki gani, Gimbiya. Ƙasa tsami ne, shi ke da ƙarfin saiwa. Sama zaƙi ne. Duk abin da ya tsiro a ƙasan ɗaurin nan, ki cire shi komai kyansa."

"To Injiniya," takan ce, "motocin mutane na can suna jira, kai kana nan kana wa ganye tiyata."

Burinsa shi ne ya buɗe wurin sayar da dashe a filin yayansa da ke bakin titi, wurin da ba za a taɓa yi wa kowa abin da aka yi masa ba. Ya raini tsiron tsami fiye da ɗari a bayan ɗaki, har suka kai kaurin fensir, suna jiran a yi musu aure. Sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Wata uku ya yi yana jinya, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwarsa gidan ya yi shiru, in ban da abu guda. Kullum da hantsi in iska ta taso, sai ta ji wani abu yana goga kwanon rufi. Ƙurrr... ƙurrr... Sak yadda yake wasa wuƙarsa a kan dutse. Tana cikin shara sai ta tsaya cak, tsintsiya a hannu, ta juya ta dubi gindin bishiyar. Ba kowa sai kujerarsa.

Ta sani reshe ne. Amma sanin bai taɓa hana tsikar jikinta tashi ba.

Wata rana ta kwance tsumman da ya naɗe wuƙar a ciki, har yanzu yana warin baƙin mai. Ta yi alwala, ta yi raka'a biyu, ta ɗauki mayafi ta nufi gidan yayan mijinta.

Yaya ya saurare ta yana sosa gemu.

"Ƙanwata, wurin nan mai bulo ya daɗe yana bina a kansa. Amma marigayi ya roƙe ni kafin ya tafi. Na ba ki zuwa ƙarshen damina mai zuwa. In sana'a ta tsaya, wuri naki ne. In ba ta tsaya ba, kada ki ga laifina."

Haka ta fara. Ta kwashe ledojin nan da baro zuwa filin, sawu bayan sawu. Ta kafa rumfa da tsofaffin buhuna. Ruwa kuwa daga famfon ƙarshen layi take ɗebowa, bokiti biyu a hannu, safe da yamma, har tafin hannunta ya yi kanta. Ta je wani lambu a bayan gari ta samo rassan zaƙi, ta zauna ta yi wa kowane tsiro aure da hannunta, tana bismillah a kan kowanne.

Matan layi in sun zo wucewa sukan leƙo.

"Mai Dashe, yau ma ana nan ana hira da ganye?"

"Ai su ba sa kai gulma gaba," takan ce, su wuce suna dariya.

Bayan 'yan makonni tsirran suka fara fitar da sabon toho, kore shar, mai sheƙi. Rabon da ta ga wani abu nata yana girma da fara'a tun kafin jinya. Ta tuna mijinta ya ce a cire wani abu, amma duk lokacin da ta kai hannu sai ta kasa. Wa zai karya abu mai kyau haka? Ta bar su, ta ƙara musu taki.

Ana nan sai ga wani tsohon hedimasta ya tsaya a bakin rumfar, da sanda da tabarau mai kauri. Ya bi layin ledojin yana gyaɗa kai.

"'Yata, lemon zaƙi ne?"

"Zaƙi ne, Baba. Mai aure."

"Guda ɗari nake so. Na gama da alli da allo, yanzu ƙasa nake son in koya wa karatu. Zan sa a haƙa ramuka. Ran Asabar ta sama zan zo da mota."

Ranar ta koma gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa don murna. Wannan ciniki kaɗai ya isa Yaya ya yarda sana'a ta tsaya.

Ana gobe za a zo ɗauka, da la'asar, tana jera ledojin sai ƙaya ta soke ta a yatsa. Doguwar ƙaya, mai kaifi. Ta tsinki ganye ɗaya, ta murza, ta kai hanci.

Ƙamshin tsakar gidanta ne. Ƙamshin da ke hannun mijinta duk yamma. Tsami.

Ta durƙusa ta kwance zaren ledar. Idon da ta cusa ya bushe ya yi baƙi. Wannan kyakkyawan toho duk daga ƙasan ɗauri ya fito. Shi ya shanye ruwa da taki, ya bar idon zaƙi ya mutu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana murzawa tana shinshinawa, har yatsunta suka yi kore. Talatin da ɗaya ne kawai suka kama. Sauran sittin da tara tsami ne zalla.

A haka Yaya ya same ta zaune a ƙasa. Ta faɗa masa komai.

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Shi ya sani?"

"A'a."

"To wa zai faɗa masa? Ke da kanki sai da kika shinshina. Sai nan da shekara huɗu abin nan zai yi 'ya'ya. Kin dubi tsohon nan da kyau? Allah na tuba, amma kina ganin zai kai? Ki loda masa kayansa, ki riƙe wurinki. Badi kya gyara."

Gaskiya, 'yan uwa, ba ta ce a'a ba.

Washegari da hantsi tana ɗaura ɗankwali ƙarar ta soma. Ƙurrr... ƙurrr... Ta toshe kunne, ta ja ƙofa, ta fita da sauri kamar wadda aka biyo.

Mota ta zo. Direba ya shiga loda ledoji, Yaya na taya shi yana ta raha. Ita tana gefe, hannu a cikin mayafi. Aka loda duka ɗarin, aka ɗaga ƙyauren bayan mota.

Tsohon ya matso kusa da ita, yana dogara sanda.

"'Yata, shekara nawa kafin su yi 'ya'ya?"

"Uku zuwa huɗu, Baba."

Ya dubi ganyen da ke kaɗawa a bayan mota. Sannan ya yi 'yar dariya.

"Huɗu. To, ba ni da su a aljihu. Amma zan roƙi Allah ya ara mini."

Sai ta ga mijinta. Ba a gabanta ba, a cikin idonta: rabin lemo a hannunsa, murmushin nan yana gushewa a hankali.

"Direba, dakata!"

Muryarta ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba.

"Baba, a sauke. Talatin da ɗaya ne zaƙi. Sauran tsami ne. Kuskurena ne, jiya na gane, kuma na yi shiru har aka loda. Ka yafe mini."

Yaya ya dafe kai. Tsohon ya cire tabarau, fuskarsa ta ɗaure.

"Ramuka ɗari na sa aka haƙa. Kin san wahalar rami ɗari?"

"Na sani, Baba."

"Kuma kika tsaya kina kallo ana lodawa."

"Na tsaya."

Ta hau motar da kanta, tana murza ganye tana warewa. Tsohon ya ɗauki talatin da ɗayan, ya tafi ko sallama babu.

Kafin mako ya zagayo, Yaya ya ba mai bulo filin. Ya bar mata wani ɗan siririn gefe a jikin katanga, inda ko baro da ƙyar yake wucewa.

"Don darajar marigayi," in ji shi. "Ke kin zaɓi wa'azi, to ki ci wa'azi."

Ta yanke tohon tsamin nan duka, tana yi tana kuka. Da ta koma lambun bayan gari neman sabbin idanu, ta tarar an sayar da shi, an sare itatuwan za a yi gini. Ta dawo hannu wofi, ta zauna a kujerar mijinta.

Iska ta taso. Ƙurrr... ƙurrr...

"Ya isa!" ta ce da bishiyar, kamar mijinta ne a gabanta. "Na yi abin da kake so, me kuma ya rage?"

Ta aro tsani a maƙwabta, ta soke wuƙarsa a ƙugu, ta hau don ta sare reshen kowa ya huta. Ƙayoyi suka yage mata hannu. Lokacin da kanta ya haye saman kwano, sai ta tsaya.

Reshen ya kwanta a kan rufi, inda ba a hango shi daga ƙasa. Ba shi da ƙaya. Ganyensa ya fi na sauran faɗi. A gindinsa akwai wani ƙyalle da ya koɗe, ɓawo ya fara haɗiye shi. Ta gane shi: gefen shuɗin ɗankwalinta ne, wanda ta yi ta nema shekara biyu da suka wuce, mijinta kuma yana taya ta nema yana ɓoye dariya. Ashe da ƙyallen ya ɗaure auren da ya yi wa reshen.

A ƙarshen reshen lemo uku ne manya. Nauyinsu ne ke jan shi yana goga kwano.

Ta tsinki ɗaya a nan saman tsani, ta ɓare da yatsu masu jini, ta kai baki.

Zaƙi.

Ta daɗe a can sama. Maƙwabciya ta yi ta kira daga ƙasa, "Lafiya kuwa? Ko tsanin ne ya riƙe ki?" Ita dai sai kallon reshen take.

Daga wannan reshe ta yanki idanun da ta sake yi wa sittin da taran aure. A wannan karon, duk tohon da ya leƙo a ƙasan ɗauri, ta murje shi da babban yatsa tun yana ƙarami. Ƙurar siminti na sauka a kan ganyen, ta bi ta wanke da tsumma.

Da damina ta sake zagayowa, ta ji ƙarar sanda a bakin katanga. Tsohon hedimasta ne.

"Ramuka sittin da tara na nan," in ji shi. "Yarana sun kawo dashe daga wurare uku, na ce a mayar. Wadda ta sauke kaya daga mota nake jira."

Shi ya riƙa aiko mata da mutane. Sannu a hankali gefen katanga ya yi mata kaɗan, ta samu fili nata. Duk wanda ya zo saye, sai ta tsinki ganye ta murza masa a hanci, ta nuna masa inda aka yi ɗaurin.

Bayan shekara uku wata mata ta zo da kwando a rufe, ta gaishe ta, ta ce ita 'yar hedimasta ce.

"Baba ya rasu watan jiya. Na farin da suka nuna, da hannunsa ya tsinka. Ya sha biyu, ya ce in an sake tsinka a kawo miki. Ya ce a faɗa miki Allah ya ara masa shekarun, kuma ba a sace masa ko ɗaya ba."

Har yau in iska ta taso da hantsi, reshen nan yana goga kwano. Mai Dashe takan tsaya da tsintsiya a hannu, ta saurara har ya gama, sannan ta ci gaba da shara.

Darasi: Duk sana'ar da za ka fara, ka tuna ba kuɗin mutane kaɗai ake damƙa maka ba, har da lokacinsu da fatansu. Ka yi aiki tuƙuru, ka amsa kuskurenka ko da zai ci maka riba, ka bar wa Allah sauran, domin yakan ajiye mafita a wurin da kake tsoron dubawa. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san ya fara 'yar sana'a yana neman ya karaya.