Ƙaramar Fitilar Da Ba Ta Kama Ba

Akwai wani dattijo a nan garinmu na Silkeborg mai suna Asger Thorup. Tsohon likitan haƙori ne da ya yi ritaya, kuma abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya: kunnensa.

Ya ware ɗaki guda a ƙasan gidansa don jin kiɗa. Ya zuba na'urori da manyan lasifika biyu, ya ajiye kujera ɗaya tak a tsakiya, daidai inda ya auna da tef. Ko matarsa Bodil ba ta shiga ɗakin da tsintsiya sai ta nemi izini.

Asger yana da amini, Ebbe Kragh. Tun suna samari suke busa ƙaho tare a ƙungiyar makaɗan gari. Ebbe ya shekara talatin da biyar yana ja wa mutane wayar tarho da ta intanet, kuma tsufa ya taɓa masa kunnen hagu har yana saƙala ɗan abin ƙara ji. Duk ranar Lahadi da la'asar shi ke fara ƙwanƙwasa ƙofa, riƙe da burodin kirfa a takarda.

Ana nan sai Asger ya sayo wata wayar intanet, wadda ke haɗa akwatin intanet da na'urar kiɗa. Kaurinta kamar wutsiyar bijimi, bakinta ruwan zinare, har da kibiya a jiki wai don kiɗa ya san inda zai bi. Masu sayarwa sun ce masa sai ta yi sa'a ɗari biyar tana aiki kafin ta nuna. Shi kuwa ya hau ya zauna. Ya ɗora ta kan 'yan katako don kada ta taɓa ƙasa, ya bar kiɗa yana tashi sati uku cur.

Da sati ukun suka cika, ya gayyato 'yan ƙungiyarsu ta masu sauraron kiɗa, mutum shida. Aka sha kofi, aka riƙa zama a kujerar ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tashi sai ya zuba yabo. Wannan ya ce ya ji numfashin mawaƙiyar, wancan ya ce kamar an yaye labule. Ni dai na san mutanenmu: babu wanda zai yarda a ce shi kaɗai ne bai ji komai ba.

Ebbe bai zauna ba. Hannun da ya saba da aiki ba ya jin magana, sai ya zagaya bayan na'urar ya durƙusa yana leƙe. Da ya miƙe, fuskarsa ta ɗan sauya. Ya matso kusa da Asger ya yi ƙasa da murya.

"Mutumina, zo mu je kicin. Magana ɗaya ce."

Asger ya riga ya san ra'ayinsa. Ebbe ya sha faɗa masa cewa saƙon da ke bin irin wannan waya ko dai ya iso cikakke ko bai iso ba, zinare ba ya ƙara masa zaƙi. Don haka ya ɗauka tsohuwar gardama ce za a tayar masa a ranar farin cikinsa.

"Faɗe ta a nan," in ji shi da ƙarfi. "Ai ba baƙo a cikinmu."

"Ba ta nan ba ce, Asger."

"To ni bari in faɗi tawa. Mutumin da sai an sa masa batir a kunne kafin ya ji kukan kare, shi zai koya mini sauti? Kai dai ka ce abin ya fi ƙarfin aljihunka, mu wuce wurin. Hassada ba ta yi maka kyau da furfura."

Wasu suka yi dariyar yaƙe, wasu suka sunkuyar da kai cikin kofinsu. Ebbe ya dubi mutanen nan shida. Ya ɗauki hularsa, ya yi wa Bodil godiyar kofi, ya fita. Asger ji ya yi ya ci nasara, kuma nasarar ta yi masa daɗi ƙwarai.

Sau biyu Ebbe ya kira shi a waya, Asger ya yi kunnen uwar shegu. Wata Lahadi ya zo har ƙofa da burodin kirfa, Asger ya sa Bodil ta ce ba ya nan, alhali kiɗa na tashi daga ƙasan gida. Bodil ta yi magana har ta gaji. Amsarsa kullum ɗaya ce: sai Ebbe ya zo gaban 'yan ƙungiya ya amsa cewa wayar ta yi aiki.

Cikin watan Nuwamba aka kwantar da Ebbe a asibiti, rabin jikinsa ya shanye. Asger ya ce zai je idan an sallame shi, don kada a ce shi ya fara saukowa. Ba a sallame shi ba. Kwana tara ya yi ya rasu.

Bayan an fito daga coci an binne shi, ana shan kofin makoki, sai Solvej matar marigayin ta zo ta ajiye wata 'yar leda a gaban Asger. Ba ta zauna ba.

"Tun bazara yake yawo da ita a aljihun kwat," in ji ta. "Na ce masa ya tona maka asiri ya huta, ya ce ai kai ne Asger, ba zai kunyata ka ba."

A cikin ledar akwai wata siririyar waya toka-toka, irin wadda ake samu kyauta a cikin kwalin akwatin intanet, da 'yar takarda da rubutun Ebbe:

"Wayarka ta yi nauyi, bakinta bai shiga daidai ba. Duba ƙaramar fitilar da ke bayan na'ura, ba ta kama ba. Ta iska na'urar ke ɗaukar intanet, ba ta wayar ba, haka kake jin kiɗanka tun ranar farko. Ban so in faɗa a gaban mutane ba."

Asger bai ƙarasa kofinsa ba. Ya koma gida, ya sauka ɗakin ko baƙar kwat ɗin bai cire ba. Ya kunna wani tsohon kiɗan ƙaho da su biyun suka fi so, ya durƙusa inda Ebbe ya durƙusa. Fitilar a mace take.

Ya kama wayar mai tsada ya zare ta gaba ɗaya. Kiɗa bai tsaya ba. Waƙa ta ƙare, wata ta shiga, wata ta biyo, shi kuwa yana durƙushe da wutsiyar bijimin nan a hannu.

Can ya sa siririyar wayar Ebbe. Ta shiga ƙas, fitila ta kawo kore. Ya zauna a kujerarsa ya kasa kunnen nan nasa da ya yi wa duniya taƙama da shi.

Bodil tana tsaye a bakin ƙofa. Ta tambaye shi wacce ta fi daɗi.

"Duk ɗaya ne," in ji shi.

Hannunsa ya kai aljihu da kansa ya zaro tarho, don mutum ɗaya ne a duniya ya kamata ya ji wannan amsa. Ya daɗe yana kallon sunan Ebbe. Da safen nan suka binne shi.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne. Idan masoyinka ya ja ka gefe ya ce magana ɗaya ce, ka bi shi, don mai son ya kunyata ka ba ya neman kicin. Waya ana sayo wata, amma aminin da zai haɗiye zagi don ya rufa maka asiri ba a sayar da shi a kanti. In akwai wanda kake jira ya fara saukowa, kira shi yau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani na riƙe da tasa wayar.