Sabon Injin Tsoho Hagiwara

Akwai wani dattijo a garin Hamamatsu na ƙasar Japan mai suna Tsuneo Hagiwara. Duk mai zuwa filin tserenmu na bakin kogi ya san shi, da kujerarsa ta naɗi da hular masunta, yana zaune yana sauraron ƙananan motocinmu na rimot masu shan mai.

Ku masu motocin batir, ku matso in yi muku bayani, tunda ku naku jonawa ne kawai.

Sabon inji ba a zuba masa mai a take shi. Horar da shi ake yi. Fistan ɗinsa a matse yake zuwa, don haka sai a buɗe masa allurar da take daidaita shigar mai ya sha ya ƙoshi, yana tafiyar hawainiya yana tari da hayaƙi. A kashe ya huce, a sake tayarwa. Wuni guda, wani lokacin biyu. Daga baya a riƙa matse allurar kaɗan-kaɗan, sai a wani zagaye da ba wanda ya isa ya faɗa maka shi tun farko, muryar injin ta washe. Sau ɗaya kowane inji yake yin haka a rayuwarsa.

Don wannan lokacin Tsuneo yake sayen inji, ba don cin kofin gasa ba.

To, kunnensa na hagu ya riga ya mutu, likita kuma ya ce na daman ma yana kan hanya. Sai ya sayi inji ɗaya, ya kira ɗansa Motoki da yake aiki a Nagoya.

"Motoki, na sayi sabon inji. Ina so mu hore shi tare tun kunnen nan yana ɗan aiki."

"To Baba, Asabar mai zuwa ina nan."

Asabar ta zo da taron ofis. Ta gaba ta zo da ruwan sama. Ta bayanta maigidansa ya ja shi wasan golf.

Kar ku ce Motoki mugun ɗa ne, wallahi yana son ubansa. Irin mutanen nan ne da duk abin da ka kawo musu sai su nemi gajeriyar hanyarsa. Ya leƙo gida a tsaitsaye, ya ce zai duba injin, ya tafi da shi. A Nagoya akwai wani shago mai na'urar da take juya fistan a cikin mai mai zafi har ya saki, ba ƙara ba hayaƙi. Can ya kai shi. A ransa ya hutar da tsoho durƙuso da shaƙar hayaƙi.

Ranar Lahadi suka zo fili. Tsuneo ya ƙunso dunƙulen shinkafa tuli, da shayi a fulas biyu, da babbar lema.

Amininsa Umezu, mai bakin tsiya, ya hango su. "A'a, yau shugaban kamfani ya tuna da talakawa? Ku share masa wuri kar takalminsa ya yi ƙura."

"Kawu Umezu, har yanzu motarka tana ƙarewa a cikin kogi?"

Ana cikin dariya Tsuneo ya ɗauki motar, ya murza injin da babban yatsansa. Ya sake murzawa.

"Wannan ai ba ya cijewa."

"Na kai an hore shi, Baba. A shirye yake. Yau gudu kawai za ka yi, ba wahala."

"Wa ya ji shi lokacin da ya washe?"

"Ba a ma tayar da shi ba. Na'ura ce ta yi komai."

Tsohon ya daɗe yana kallon injin a hannunsa. Sannan ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Ka kyauta. Ka sha ɗawainiya."

Motar ta yi gudu, ba ƙarya. Kafin rana ta take sun gama, ba sauran abin yi. Ƙunshin shinkafar ko kwance shi ba a yi ba.

Umezu ne ya bi Motoki har inda ya ajiye mota. "Kai dai kanka kabewa ne. Ka ga abincin da ya ɗauko? Na wuni guda ne, na mutum biyu. Ya ce maka gudu yake nema?"

Maganar ta zauna wa Motoki a ƙirji har Nagoya. Ya yi niyyar sayen wani injin a makon. Amma hali zanen dutse. Aikin ƙarshen shekara ya taso, sanyi ya shigo, sai da bazara ta yi sannan ya ɗauki hutun kwana biyu ya zo da sabon inji a kwalinsa.

Wannan karon an yi komai yadda ya kamata. Motoki a durƙushe, uban a kujera yana ba da umarni da ƙarfi, yadda masu nauyin kunne suke yi.

"Ƙara masa mai, hayaƙin ya yi kaɗan."

"Kashe shi ya huce. Sauri me kake yi, jirgi zai bar ka?"

Suka cinye shinkafar tas, har Umezu ya sa hannu ba gayyata.

Rana ta biyu da yamma Motoki ya matse allurar kaɗan, ya saki motar. A doguwar miƙaƙƙiyar nan ta gefen ruwa, tarin ya ɗauke, muryar ta tashi siririya, garau. Ina wurin. Duk muka bar abin da muke yi. Motoki ya juya da sauri wajen ubansa.

Tsuneo yana riƙe da kofin shayi yana bin motar da ido. Fuskarsa ba ta canza ba. Sai da ya ga dukkanmu muna kallonsa sannan ya ajiye kofin.

"Ya washe ne?"

Motoki ya gyaɗa kai.

"Yaya muryar take?"

Motoki ya dubi kunnen ubansa na dama, ya gane shi ma ya bi na hagun. Allah sarki, ban taɓa jin tausayin mutane biyu a lokaci guda kamar ranar ba. Umezu mai surutu ma ya juya yana kallon kogi.

"To, ai kai ka ji," in ji tsohon. "Ƙara zagaye ɗaya, kar ka bari ya huce."

Motoki ya ɗaga rimot ɗin, amma hawaye sun hana shi ganin hanya. A kwanar farko motar ta shige cikin tayoyin shinge ta mutu.

Darasi: Idan tsohonka ya ce ku yi wani abu tare, ba aikin yake so a rage masa ba, kai yake so a kusa da shi. Kar ka saya masa sauƙi a madadin lokacinka, kuma kar ka ce sai Asabar mai zuwa, don jikinsa ba zai jira ka ba. Tura wa duk wanda ka san iyayensa suna jiran zuwansa.