Abin da Zayyad Ya Hango a Tudun Rairayi

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Jega, sunansa Zayyad. Shagonsa yana bakin kasuwa, aikinsa kuwa biki da suna da hoton fasfo. Amma ransa na wajen hamada. Sai da ya sayar da babur ɗinsa ya sayi dogon gilashin kyamara, irin mai jawo abin da ke nesa ya kawo shi gaban ido.

Abokinsa Barau ɗan Aliero ne, shi ma sana'arsu ɗaya. Da suka ji an buɗe gasar hotunan ƙasa, suka shirya suka nufi tuddan rairayi na Yusufari, can jihar Yobe.

Hoton rairayi haƙuri yake so. Da rana tsaka zafi na sa iska ta yi ta rawa, komai ya fito dishi-dishi. Sai rana ta karkata inuwa ke kwantawa a gefen kowane tudu, dogon gilashi ya tattaro su jere, wani bayan wani. Hasken nan ba ya daɗewa. Washegari kuma tun da safe direban da suka ɗauka zai mayar da su.

Bayan la'asar suka hau wani tudu, suka kafa kyamarorinsu. Gabansu rairayi ne shimfiɗe, ko sawun tsuntsu babu. Barau ya yi dariya ya ce, "Aboki, yau mun ci gasa."

Zayyad ya kai ido, yana juya gilashi a hankali. Can ƙarƙashin wani tudu mai nisa ya hango wani baƙin abu. Ya ƙara jawowa. Wani dattijo ne kwance, yana ɗaga sanda tana faɗuwa.

Ya ce, "Barau, mutum na can, kuma ba lafiya ba."

Barau ya leƙa ya ɗaga kafaɗa. "Makiyayi na, hutawa shikai. In ka ratsa wurin ga, sawunka zai ɓata muna hoto. Bari rana ta faɗi tukuna."

"In ta faɗi da ransa fa?"

Zayyad bai jira amsa ba. Ya rufe kyamararsa da rawani, ya ɗauki gorar ruwa, ya gangara. Ƙafarsa na nutsewa, numfashi na sarƙewa, abin da gilashi ya nuna kusa ashe tafiya ce.

Da ya isa, ya tarar ƙafar dattijon ta kumbura suntum. Da ƙyar dattijon ya ce sunansa Sa'idu, maciji ne ya sare shi yana bin raƙuminsa.

Zayyad ya ba shi ruwa ya ce, "Baba, riƙe wuyana." Ya goya shi, ya bi ta kan tudu zuwa inda motarsu take. Direba ya kwashe su sai asibiti. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da sai dai wani zancen.

Barau kuwa yana can sama bai motsa ba. Da ya ga Zayyad ya ɓullo a tsinin tudu da mutum a baya, rana ja jawur a bayansu, sai ya danna. Hoton ya yi kyau ƙwarai.

Suna komawa gida Barau ya sa shi a shafinsa na intanet, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Hoton ya zaga ko'ina. Sai dai tambayoyin mutane biyu ne: wane ne wannan mai goyon? Kuma shi mai kyamarar, me ya hana shi kama masa? Har a kasuwar albasa ta Aliero wani dattijo ya tare Barau ya ce, "Kai ɗana, hannunka biyu na, ko duk kyamara ta riƙe su?" Barau ya sunkuyar da kai.

Zayyad bai shiga gasar ba, don ko hoto ɗaya bai samu ba. Amma wata ƙungiya mai dashen itatuwa a bakin hamada ta ga hoton, ta nemo shi har Jega. Shugabarta, Hajiya Murjanatu, ta duba tsofaffin hotunansa ta ce, "Aikinka ya yi. Kuma irinka muke so mu tura cikin mutane."

Da ya koma Yusufari bakin aiki, Baba Sa'idu ne da kansa ya tarbe shi, yana ɗingishi, riƙe da akalar raƙumi. Ya durƙusar da raƙumin ya ce, "Hau, ɗana. Kai ka goya ni, yau shi zai goya ka."

Darasi: Duk abin da kake nema zai iya dawowa, amma rai in ya tafi ya tafi. Idan Allah ya nuna maka mai buƙata, kai ya zaɓa ka taimaka, kada ka tsaya kallo. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu saurin zaro waya a wurin hatsari.