Ƙarfen da Ba a Ji Ba a Dutsen Kanya

Da sunan Allah muke buɗe zance, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ku gyara zama. Ga wata mas'ala za a ajiye a gabanku, kowa ya auna ta da ma'aunin hankalinsa, kada wani ya yanke hukunci sai ya ji ƙarshenta.

A garin Dutsen Kanya akwai wata ƙaramar kwalejin horon malamai, ɗalibanta ba su cika dubu ba. Ba ta da abin alfahari da ya wuce 'yan wasanta na ƙwallon kwando, wasan nan da mutum biyar-biyar ke tseren jefa ƙwallo cikin zobe mai raga da aka kafa bisa dogon ƙarfe. Kowace shekara ƙananan kwalejojin yankin sukan yi ta karawa, in an gama zagayen sai huɗun da ke sama su yi sili ɗaya ƙwale, wanda aka ci ya kama hanyar gida. A shekarar da muke magana Dutsen Kanya ta kai wasan ƙarshe, abin da ba ta taɓa yi ba, kuma a filinta za ta kara da Kwalejin Aikin Gona ta Fadamar Gawo.

Aka ɗauko alƙalin wasa daga wani gari dabam, Malam Haliru, mutumin da ba shi da dangi ko aboki a ɓangarorin biyu. Filin siminti ne a sarari, ba agogon lantarki. Mai lura da lokaci, Malam Tukur, yana zaune a tebur da agogo a hannu, kusa da shi an rataye tsohon ƙarfen tayar mota a reshen darbejiya. In lokaci ya cika ya buga ƙarfen da guduma, to wasa ya ƙare, ƙwallon da ta bar hannu bayan haka ba ta da lissafi.

Shekara goma sha biyu Haliru yana hura usur, amma halin 'yan kallo bai daina ba shi mamaki ba. In tazarar maki ta yi nisa, mutane ne masu hankali, suna cin gyaɗa suna hira. In wasa ya matse kuwa, sai Allah Ya bayyana abin da ke ɓoye a kowane ƙirji. Ran nan bayan La'asar ya ga wani dattijo ya juya wa filin baya yana tambayar na kusa da shi, “Ta shiga? Kada ka faɗa mini. Ta shiga?” Ya ga malamin lissafi ya cusa hularsa a baki yana tauna. Ya ga wani ya ƙi motsawa daga kan dutsen da yake zaune, wai tun da ya zauna nan ake ci. Ya ga mai jan carbi yana roƙon Allah nasara, alhali a ɗaya gefen ga wani mai carbin yana roƙon kishiyarta. Haliru ya ce a ransa, tsarki ya tabbata ga Wanda ke jin addu'o'in nan biyu lokaci guda.

Ana saura daƙiƙa huɗu, baƙi na da maki saba'in da ɗaya, masu gida na da saba'in. Ƙwallo ta zo hannun Nafi'u, gwanin Dutsen Kanya. Ganguna suka ɗauka, ihu ya cika sama har mutum ba ya jin numfashinsa. Nafi'u ya kauce wa mutum ɗaya, ya kauce wa na biyu, ya yi tsalle ya jefa. Ƙwallo ta zagaya bakin zobe, ta yi kamar za ta fita, ta faɗa ciki.

Fili ya tashi. Aka ɗaga Nafi'u sama, mata na guɗa, dattijon nan ya juyo yana hawaye. Ba wanda ya ji ƙarar ƙarfe, har Haliru kansa. Amma shi ya gani. Idonsa ɗaya na kan tebur, ya ga gudumar Malam Tukur ta sauka ƙwallo tana hannun Nafi'u. Da ya yi shiru, da ya ci tuwon biki ya koma gida lafiya. Sai ya tuna shaida amana ce, ko a kan ƙwallon roba. Ya hura usur, ya kaɗa hannuwa, ya soke jifan.

Farin ciki in aka fizge shi daga bakin mutum, ya fi baƙin ciki na asali ɗaci. Wata murya daga cikin taron ta ce, “An saye shi!” Sai duwatsu. Malam Tukur ya ruga ofishin shugaban kwaleji ya kulle kansa. Haliru bai samu wannan hanyar ba. Dutse ya same shi a saman kunne, jini ya ɓalle, ya kutsa tsakanin jama'a ya faɗa bayan rumfunan masu abinci.

Rumfar da ya faɗa ta Inna Hansatu ce, mai tuyar awara. Shekara ashirin tana bakin filin nan, duk ranar da aka ci wasa 'yan wasa su ci awara kyauta, kuma ita ta fara rangaɗa guɗa ɗazu. Ta dube shi, ta dubi usur ɗin da ke wuyansa.

“Kai ne ka soke mana ƙwallo?”

“Ni ne, Inna.”

“Amma ka cika baƙin mutum. Durƙusa nan!”

Ta zaro babban hijabin da take salla da shi ta zura masa har ƙasa, ta zaunar da shi gaban kasko ya ba ƙofa baya, ta danƙa masa matsamin awara. Ba a jima ba samari suka iso da sanduna.

“Inna, bai shigo nan ba?”

“Wa? Ni da ƙanwata ce, kuma matar aure ce. Wanda ya leƙa fuskarta, na rantse sai ya yi wanka da man nan.”

Suka wuce. Ba domin ita ba, da a nan rayuwar Haliru ta tsaya. Sai dai ɓuyan ba mai ɗorewa ba ne. Jama'a sun tare ƙofar kwalejin, ita kaɗai ce mafita, wasu sun fara bin rumfuna a karo na biyu suna ɗaga buhuna, ga jini ya soma rina hijabin. Haliru yana jin kaskon yana nisa da shi yana dawowa.

Cikin wannan hali ya jiyo ganga. Mudassir ne, shugaban makaɗan magoya baya, wanda ya gaji gangarsa daga mahaifinsa. A lokacin jifan ƙarshe yana tsaye dab da tebur, kuma gangarsa ce ta danne ƙarar ƙarfen. Ya ga saukar gudumar da idonsa. Da farko ya kame bakinsa, domin shi ma yana son kofin kamar ransa. Da ya ga jini a siminti sai ya hau tebur ya buga taken ƙungiyar. Ƙafafun mutanen Dutsen Kanya sun saba da amsa wannan take, suka baro ƙofa da rumfuna suka taru gabansa, suna zaton zai faɗa musu inda alƙali ya ɓuya.

Haliru ya ji muryarsa daga ƙarƙashin hijabi: “Jama'a, wallahi an buga ƙarfe kafin Nafi'u ya jefa. Ina wurin. Ni na hana ku ji, da gangar nan. Mutumin nan bai zalunce mu ba.”

“Sarkin kiɗa, kai ma nawa aka ba ka?” in ji wani.

Suka jawo shi ƙasa, suka farke gangar ubansa da wuƙa, suka cire masa haƙori. Amma maganar ta riga ta shiga. Jikin rabin mutanen ya yi sanyi, dattawa suka samu bakin magana, kuma ƙofa ta zama wayam. Ba domin shi ba, da ba hanyar fita, da kuma an gano ƙanwar Hansatu a bincike na biyu.

Hansatu ta leƙa ta hango Lawwali, yayan Nafi'u uwa ɗaya uba ɗaya, zaune cikin adaidaita sahunsa. Tun safe ya ƙawata shi da ƙyallayen kwaleji, domin ya zaga gari da ƙanensa da kofi. Ta yafuto shi ta ce ƙanwarta ce ba lafiya. Ya zo ya kama mata marar lafiyar, sai ya ga takalmin wasa a ƙasan hijabi. Ya ɗaga ya duba. Haliru ma ya gane shi, domin ya gan shi ɗazu da dutse a hannu.

“Inna Hansatu, kin san wanda kika ce in ɗauka?”

“Na sani. In za ka kira su, ga su can. In za ka tuƙa, tuƙa.”

Lawwali ya tsaya yana huci, idonsa jawur. Kalma ɗaya ta ishe shi. Sai ya sunkuya ya ɗauki Haliru kamar jariri ya kwantar a baya, ya fita ta ƙofar, ƙyallayen nasara na kaɗawa. A ƙaramin asibitin garin aka ce abin ya fi ƙarfinsu. Ya miƙa babban asibiti, tafiyar kilomita ashirin a hanya mai ramuka, hannu ɗaya na tuƙi, ɗaya na miƙawa baya yana girgiza shi kada ya suma. Can aka ce sai an ƙara jini, kuma ba irin nasa a ajiye. Aka gwada na Lawwali ya dace, ya miƙa hannu aka ɗiba. Ba domin shi ba, in ji likita, da ba a wayi gari da Haliru ba.

Kwana biyu Haliru bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo aka yi masa albishir cewa matarsa Saude ta sauka lafiya washegarin wasan, an samu ɗa namiji. Ya yi hamdala, sannan ya yi alwashi a gaban 'yan'uwansa cewa yaron zai ci sunan wanda ya zama sanadin tsirarsa. In Hansatu ce, a sa sunan mahaifinta, kamar yadda aka saba.

Su ukun suka zo duba shi rana ɗaya. Mudassir bakinsa a kumbure, ko gaisuwa da ƙyar. Lawwali ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, ni fa na yi jifa. Ban sani ba ko nawa ne ya same ka.” Hansatu ta ajiye kwanon awara ta ce, “Allah Ya ƙara sauƙi, ɗan nan. Amma ni har gobe ƙwallonmu ta shiga.”

Bayan fitarsu Haliru ya kwanta yana juya al'amarin. Rai a hannun Allah yake, wannan ba gardama, amma Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma godiya ga sababi wajibi ce. Hansatu ta cece shi alhali tana ganin shi ne mai laifi, kuma har yanzu haka take gani. Sai dai da ƙarya ta yi, ta kuma sa namiji tufar mata, ko da yake malamai sun ce lalura takan halatta abin da aka hana. Mudassir ya faɗi gaskiya a kan kansa da mutanensa, ya rasa gadon ubansa da haƙorinsa da mutuncinsa a gari. Sai dai gangarsa ce tushen fitinar, kuma bai buɗe baki ba sai da jini ya zuba. Lawwali ya fi kowa dalilin ƙiyayya, ya danne fushi a lokacin da yake da iko, ya ba da jinin jikinsa. Sai dai mai yiwuwa ramin da ya cike shi ne ya haƙa.

Yaro ɗaya ne, suna ɗaya ake raɗa wa, ga kwana bakwai sun kusa cika, an riga an kai wa liman goro. 'Yan'uwan Haliru sun rabu uku, kowa da hujjarsa, shi kuwa ya rasa inda zai karkata.

To, jama'a, ga mas'ala a gabanku. Tsakanin Hansatu da ta ɓoye shi, da Mudassir da ya janye masa taro, da Lawwali da ya ɗauke shi ya ba shi jini, sunan wa ya fi cancanta liman ya raɗa wa ɗan Haliru?