Manomin da Ake Kira Ina-Zuwa

To, 'yan'uwa, ku gyara zama, labarin yau tun daga gida yake mini ƙaiƙayi a baki!

Akwai wani manomi a wani ƙauye, ƙaƙƙarfa, ba rago ba. Gonakinsa huɗu: ɗaya a bayan gidansa, wadda mahaifinsa ya ba shi ran da ya yi aure, uku kuwa can ƙetaren rafi, waɗanda ya ƙara da guminsa. Kai, mutumin nan bai san zama ba! In ana gayya, shi ne a gaba. In ana taron unguwa, yana can. Tuwo ma a tsaye yake ci, fartanya a kafaɗa.

Mahaifinsa kuwa ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun dushe. Kullum yana kan tabarma a ƙofar gida. In ya ji takun ɗansa sai ya ce, "Ɗana, zo ka zauna, ina da magana."

Shi kuwa sai ya ce, "Ina zuwa, Baba."

Kun dai san Hausarmu. Mutum ya ba ka ƙeya yana tafiya, bakinsa kuwa na cewa yana zuwa! Wani in ya faɗa, kafin ka sha ruwa ya dawo. Amma wannan manomi, tabɗi! Rana ta faɗi, gari ya waye, mako ya zagayo. Har mutanen gari suka bar sunansa, suka laƙaba masa Ina-Zuwa. Yana ji, yana dariya. Tsoho kuwa kwanakinsa suna ƙarewa, maganar tana nan a cikinsa.

Ran nan da damina aka yi ruwa mai yawa, rafi ya cika ya batse, ba damar ƙetarewa. Dole manomi ya komo gida da hantsi, abin da bai taɓa yi ba. Ya iso ƙofar gida. Ga tabarma, ba tsoho.

Ya ƙwala wa matarsa kira, ya ce, "Ina Baba?"

Ta ce, "Maigida, tun ɗazu ya ɗauki sandarsa ya fita. Na tambaye shi, ya ce mini yana zuwa."

Wayyo! Ba wanda ya fi shi sanin abin da kalmar nan take nufi. Tsoho, ido ba gani, rafi a cike! Ya yar da fartanya, ya zura da gudu. Ya je bakin rafi yana kira, ba Baba. Ya je kasuwa, ya je dandali, ya bi duk inda ƙafarsa ta saba zuwa, ba Baba. Ƙaton mutum yana gudu yana kuka, yana cewa, "Ya Ubangiji, kada ka ɗauke shi ban ji maganarsa ba!"

Wuri ɗaya ne bai duba ba, don ya manta da shi. Da ƙarfinsa ya ƙare, ya biyo ta bayan gida a kan hanyar komowa. Ga gonar aurensa, ciyawa ta kai gwiwa, ta shaƙe dawa. Ga kuma tsoho a durƙushe a tsakiya, yana lalube da hannu, yana tuge ciyawa ɗaya-ɗaya. Har ya gama kunya biyu!

Manomi ya faɗa ya rungume shi, ya ce, "Baba! Baba!"

Tsoho ya yi dariya ya ce, "A'a! Wa nake ji? Ina-Zuwa ne?"

"Na zo, Baba. Na zo."

"To, zauna."

Ya zauna, nan cikin laka. Tsoho ya ce, "Tun ruwan fari nake kiranka. Ba ni da ido, amma hannuna ya gaya mini ciyawa tana cin gonar nan."

"Maganar ke nan, Baba?"

"Rabinta ke nan. Ɗaya rabin kuwa, kewarka nake yi, ɗana."

A makon nan manomi ya ba maƙwabta aron gonaki biyu na ƙetare. Ya nome ta bayan gida, tsoho yana zaune a inuwa suna hira. Da kaka dawa ta yi kyau, haleluya! Suka ci tuwon sabuwar dawa a kwano ɗaya, a zaune, tsoho ya ɗora masa hannu a ka, ya sa masa albarka.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta. Gonakin ƙetare su ne hidimomin da muke tara wa kanmu. Ba mugaye ba ne, amma sun yi yawa. Gonar bayan gida ita ce abin da Allah ya fara danƙa maka: iyalinka, addu'arka, ranka. Don tana kusa, sai ka ce ba inda za ta. Ciyawa kuwa ba ta jira! Tsohon nan yana nuna mana Ubanmu na sama, wanda kullum yake kira, mu kuwa muna ba shi ƙeya muna cewa, "Ina zuwa, bari in gama." Yaushe za ka gama? Ni kaina na sha faɗa masa, ina jin kunya.

Kada ka jira sai rafi ya cika ya tare maka hanya. Ka zauna ka ƙidaya gonakinka, ka san wadda take ta fari, ka saki wadda za a saki. Yau in an tashi daga sujada, akwai wanda ka daɗe kana ce masa kana zuwa. Tun tabarmarsa ba ta zama wofi ba, je ka same shi, ka zauna, ka ce, "Na zo."