Birkin Aro

An yi wani mutum, mai shagon fenti, wanda ya gaji wata tsohuwar mota daga mahaifinsa. Ba zan faɗi sunansa ba, kada ma wani ya tare ni a bakin ƙofa da tambaya. Motar irin wadda kamfaninta ya daina ƙerawa ce tun da daɗewa. A duk garin, masu irinta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Mai koren fenti ce, mai dogon hanci, yana ce mata Tsohuwa, har mutane suka koma kiransa Mai Tsohuwa.

Ya 'yan uwa, son mota ba zunubi ba ne. Ni ma da ke gabanku, in na ga mai kyau ina waiwayawa. Amma mutumin nan abin nasa ya wuce so. Kullum da safe sai ya goge ta kafin ya karya kumallo. Yana ajiye ta a ƙofar shago, inda zai hango ta daga bayan teburin ciniki. Kuma yana da magana guda da ba ya gajiya da ita: "Tsohuwa ba ta taɓa faɗuwa gwaji ba."

Kun san gwajin nan na shekara-shekara, wanda hukuma ke duba lafiyar mota kafin a bar ta ta ci gaba da hawa titi. A duba birki, a duba taya, a duba fitila, in ta ci a manna mata shaida a gilashi. Sababbin motoci ma suna faɗuwa. Amma irin tasa, duk wadda ta shiga sai ta fito da shaida. Har magana ta bazu cewa ƙirar da ce, ba a sake yin ƙarfe irinsa ba.

To, ga abin da mutane ba su sani ba.

A cikin birkin mota akwai wani famfo da ke tura mai zuwa ƙafafu, kanikawa suna ce masa masta. Na Tsohuwa ya cinye. Na sauran 'yan uwanta ma duk sun cinye, kuma ba a samun sabo a kasuwa. Guda ɗaya tak mai lafiya ya rage, yana hannun wani bakanike da ke yi musu gyara su duka. Sai suka yi dabara. Duk wanda ranar gwajinsa ta matso, ya kai motarsa gareji, a ɗaura mata mai lafiyar, a haɗa mata da tayoyi masu kyau. Ta je ta ci gwaji, ta dawo, a kwance, a mayar mata da ruɓaɓɓen kayanta, a ajiye wa na gaba. Birki ɗaya ke yawo a tsakaninsu, shi ke cin gwaji duk shekara.

Bakaniken ya taɓa ce masa, "Maigida, in sa maka na wata motar mana, a huta. Zai zauna in an ɗan yi gyara."

Ya ce, "In sa wa Tsohuwa kayan wata? Ai ta tashi daga ta asali ke nan. Bar ta yadda mahaifina ya bar ta."

Kun ji fa. Ba rashin hali ba ne, girman kai ne.

Shi ya san yadda yake lallaɓa ta. In ya taka birki sau ɗaya, ƙafa takan nutse har ƙasa, babu abin da zai kama. Sai ya ɗaga ya sake takawa, sannan ta riƙe. In zai sauka gangare, tun daga sama yake rage giya. Ƙafarsa ta saba, har ba ya tunani. Shi ya sa ba ya ba kowa makulli. Mutane suna cewa kishin mota ne, suna dariya, shi ma yana taya su.

Amma hankalinsa bai taɓa kwanciya ba. Yana cikin dama fenti sai ya ajiye sanda, ya fita ya leƙa ƙarƙashin mota ko mai ya ɗiga. Yana cin abinci, ya ji ƙarar birki a titi, sai ya ajiye loma. Matarsa kaɗai ta san dalili, domin ta sha ganin tayoyin aro a jingine a bayan ƙofa. Ta ce masa, "Malam, abin nan da kuke yi ba ya da kyau. Ran mutane ne fa."

Ya ce, "Ni nake tuƙa ta ko ke? Na taɓa buge ko kaza?"

Ta ci gaba da ninke kaya.

Yana da 'ya, autarsa, malamar makaranta ce. Ta iya tuƙi sosai, da motar mijinta take zuwa aiki. Tun tana ƙarama take jin kirarin Tsohuwa daga bakin ubanta, kuma ta yarda da shi ɗari bisa ɗari. In ana musu a kan motoci a wurin aikinsu, ita ce mai cewa, "Ta Babana ba ta taɓa faɗuwa ba."

A wata shekara aka kai Tsohuwa gwaji, ta ci kamar kullum. Da yamma aka mayar mata da kayanta, domin na gaba yana jira. Washegari da hantsi ya sauke matarsa a asibiti za a duba mata ido, ya ce zai dawo ya ɗauke ta. Asibitin yana ƙasan wani dogon gangare, inda hanya ta haɗu da wata.

Ya dawo shago ya tarar da abokan hirarsa a kan benci. Can sai ga ma'aikacin gwajin da kansa, wanda ya duba motar jiya, ya zo sayen fentin ɗaki. Ya daki bayan Tsohuwa da tafin hannu ya ce, "Wallahi tun da na fara aikin nan, ban taɓa kayar da irin wannan ba. Birkinta jiya, ko sabuwa albarka." Mai Tsohuwa ya ji kansa ya kumbura. Ya buɗe gwangwani, ya fara haɗa masa launin da yake so.

Ana cikin haka Auta ta shigo da sauri, ta gaishe su. Ta ce, "Baba, Mama ta kira, an gama, an ɗiga mata magani ba ta gani sosai. Motarmu tana wurin gyara. Ba ni makulli in ɗauko ta."

Ya ce, "Bari in je da kaina."

Ma'aikacin ya ce, "Haba, ka bar mini fenti rabi da rabi? Ba ta mana. Motar da na duba da hannuna jiya?"

Wani daga kan benci ya ce, "Yau dai za mu gani, tsakanin Auta da Tsohuwa wa aka fi so." Wani ya ƙara da cewa, "Ko dai akwai abin da ake ɓoye mana ne?" Aka kwashe da dariya.

Ya 'yan uwa, ku tsaya nan ku duba. Me ya rage masa? Magana ce wadda ba ta kai numfashi ɗaya ba: "In za ki tsaya, ki taka sau biyu." Shi ke nan. Amma ta yaya zai faɗe ta, ga mai gwaji a tsaye a gabansa? Ta yaya zai ja ta gefe, ga idanu a kansa? Ya sa hannu a aljihu, ya miƙa mata makulli, ya ce, "Ki tafi a hankali."

Ta yi dariya ta ce, "Baba ke nan. Ba zan ƙwarzane maka ita ba."

Tana fita ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ya zuba shuɗi inda ake son fari. Ya fita bakin titi, ya dawo. Ya ɗauki waya zai kira ta, ya ga mai gwajin yana kallonsa, ya ajiye. Ya ce wa kansa ai tana da hankali, ƙafarta za ta gane. Ya ce wa kansa ai gangaren ba wani gangare ba ne. Da mai gwajin ya tafi, ya kira ta. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Da aka ɗauka, muryar wani namiji ya ji.

A ƙasan gangaren akwai wani mai tura baro, magidanci, yana tsallaka hanya da kaya. Auta ta hango shi tun daga nesa, ta taka birki, ƙafarta ta nutse. Ba ta ɗaga ba. Wa zai ɗaga? Ta ƙara dannawa da duk ƙarfinta, domin haka ake yi a kowace mota mai lafiya. Motar ta banke mai baron, bai shura ba. Ita kuma motar ta daki bango da ita, ƙafarta ta dama ta karye.

A asibitin da uwarta ke jiranta aka kwantar da ita. Ɗan sanda ya zo gefen gado yana tambaya. Tana kuka tana cewa, "Na taka, wallahi na taka birki." Ɗan sandan ya ce, "Malama, motar nan jiya ta ci gwaji, ga shaida a gilashi. Ko dai waya kike dubawa?" Ya juya ga uban ya ce, "Birkinta lafiya?"

Ya ce, "Lafiya."

Innalillahi! Shaidar da ya samo da ha'inci, ita ce ta tashi tana ba da shaida a kan 'yarsa, shi kuma ya sa mata hannu.

Ba a tsaya binciken mota ba, tunda gabanta ya murƙushe kuma takarda ta yi magana. Aka ce laifin direba ne, za a kai ta kotu in ta warke. Tun tana rantsuwa, har ta fara shakkar kanta. Ta daina cin abinci. Takan ce wa uwarta, "Mama, ko totur na taka ban sani ba? Ni na mayar da yaran mutumin nan marayu."

Shi kuwa ya kasa zama a gida, ya kasa zama a shago. Ya je asibiti, ya kai bakin ƙofar ɗaki, ya juya. Ya je gareji, bakanike ya ce bai san zancen ba. Sauran masu motar suka daina ɗaukar wayarsa. Ya rame, ya riƙa yawo a titi yana magana shi kaɗai.

Ranar da matarsa ta ji Auta tana roƙon Allah ya ɗauki ranta, ta tare shi a tsakar gida. Ta ce, "Malam, na yi maka shiru a kan taya, na yi maka shiru a kan birki. Ba zan yi maka shiru a kan 'yata ba. Ko ka faɗa yau, ko ni in faɗa."

Ya je ya faɗa. Aka kama shi, aka kama bakanike, aka bi sauran motocin aka ɗauke. Mai gwajin da bai san hawa ba bai san sauka ba, aka dakatar da shi daga aiki. Shago ya rufe. Kafin a wuce da shi, ya roƙa a bar shi ya ga 'yarsa. Ya durƙusa a gefen gado, ya faɗa mata komai, har da yadda ake takawa sau biyu.

Ba ta yi ihu ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Baba, ka sani lokacin da ka miƙo mini makullin?"

Ya ce, "Na sani."

Ta ce, "Kuma ka sani lokacin da nake rantsuwa ana ƙaryata ni?"

Ta juya fuskarta ga bango. Har ya gama zaman gidan yari ya fito, ba ta ƙara kiransa Baba ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi niyyar kashe kowa ba. Cewa ya yi ai hukuma kawai yake yi wa wayo. To, mai gwaji ba ya bin ka gangare. Wanda ke ƙasan gangaren ɗan wani ne, wanda ke riƙe da sitiyari kuma wataƙila naka ne. Ha'inci ba ya tsayawa a wurin da ka yi shi, sai ya biyo ka gida. Kuma duk ƙaryar da ka daɗe kana ado da ita, ranar da kake buƙatar gaskiya za ta kama maka harshe.

Na san a cikinmu akwai mai aron taya ranar gwaji. Akwai wanda ya san abin da ke damun motarsa, kuma da ita ya zo nan. Kada ka kalli na kusa da kai, da kai nake. Ka gyara, ko ka ajiye, ko aƙalla ka buɗe baki ka faɗa.

Ya Allah, ka ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Kada ka sa hannunmu ya zama sanadin kukan 'ya'yanmu ko na 'ya'yan wasu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka yarda da mu. Amin.